Wasiƙar Godiya Ga Masu Shagon Zanen Hotuna Na Samaru, Zariya

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga Malam, mai wannan shago, da yaran da ke koyon aiki a ƙarƙashinsa, na rubuto ne domin in yi godiya a bainar jama'a bisa hoton 'ya'yana biyu da kuka zana mana albarkacin saukar Alƙur'anin da babban ya yi, musamman ganin irin sharuɗɗan da muka gindaya muku, waɗanda wani mai sana'ar zai ɗauke su a matsayin takurawa.

Sharaɗin farko shi ne a tsaya daga ƙirji zuwa sama, domin kakar yaran tana da ra'ayinta game da cikakkiyar sura, kuma a ɗakinta za a ajiye hoton. Malam bai ja da mu ba, sai ya tambayi abin da muke so a gani a hannun yaron. Da muka ce allon saukarsa, shi da kansa ya ba da shawarar kada a rubuta ko aya ɗaya a jikin allon da ke cikin zanen, saboda hoto abu ne da kowa zai iya taɓawa ba tare da alwala ba. A maimakon haka ya kwaikwayi zayyanar da ke jikin allon, da janta da korenta da ruwan ɗorawarta, har malamin makarantar yaron ya gane aikin wanda ya yi zayyanar.

Lokaci ma ya ƙure mana, ga shi ana tsakiyar hunturu. Mun zo da niyyar a yi da fentin mai, amma Malam ya bayyana mana cewa wannan fenti yakan ɗauki kwanaki kafin a iya taɓa shi, yakan kuma kai wata 6 kafin a shafa masa man kariya, ƙurar hazo kuwa tana manne masa tun yana ɗanye. Ya ce a yi da fentin akirilik mai saurin bushewa, bai kuma ɓoye mana cewa haɗa launin fata da shi ya fi wuya ba, kuma bai ƙara ko kwabo a kan cinikin da muka yi ba.

Inda na fi jinjina muku shi ne wajen ƙanwar yaron, wadda ba ta iya zama wuri ɗaya. Hoton wayar da muka kawo hasken kyamara ya koɗar da fuskarta, don haka kuka ce a kawo ta shago, kuka ba ta fensir da takarda tana ta zane-zanenta, Malam kuma yana gefe yana ɗaukar kamanninta da gawayi. Ya nuna mini cewa idanun ƙaramin yaro suna ƙasa da tsakiyar kai, kuma duk layin da aka ƙara a gefen hanci ko baki yana tsofar da fuska. Mahaifiyarta ta so a cike giɓin haƙorin da ta famfare, Malam ya roƙe ta cikin ladabi a bar shi, ya ce idan ba ta gamsu ba zai gyara kyauta. Da ta ga aikin ba ta sake tayar da maganar ba. Launin fatarta ma bai ƙara masa haske don ya burge mu ba, abin da ya zama ruwan dare a wajen masu gyaran hoto a yau.

Zariya ta daɗe da suna a wannan fanni, tun daga ƙungiyar ɗaliban zane ta 1958, wadda su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kasance cikinta, masu kira da a haɗa dabarun Turawa da abin da aka gada a gida. A ganina wannan allo da wannan fuska suna kan turbar nan.

Mun kuma roƙa kada a sa hoton a Facebook ko Instagram, ko da yake na san ta nan kuke samun masu ciniki. Har yau ba mu gan shi ko'ina ba, kuma zanen gawayin da hoton da muka kawo duk kun haɗa kun mayar mana. Wannan ne ya sa na ga ya wajaba in yi muku shaida da bakina ga duk iyayen da ke neman irin wannan aiki.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya ƙara basira, ya raya mana zuriya baki ɗaya.

Wassalam,
Mahaifin yaran, daga Zariya.