Kafin a Sayo Sababbin Bas, a Duba Tarihin Sufurin Legas

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ce wani abu kan zirga-zirgar jama'a a birni, domin duk lokacin da aka taso da maganar, sayen sababbin bas kawai ake ambata. Tarihin Legas ya nuna cewa sayen motar shi ne mai sauƙi.

A 1902 Turawan mulki suka shimfiɗa ɗan siririn layin dogo daga Iddo, ya haye gadar Carter ya shiga tsibirin Legas. Bai daɗe yana ɗaukar fasinja ba aka bar shi da kwasar bahaya da dare, har aka rufe shi a 1933. Bas-bas na wani Bagirke mai suna Zarpas suka riƙe gari, sannan hukumar birni ta karɓe su a 1958. Daga nan ciwon da ke kashe motar gwamnati ya fara, kuma iri ɗaya ne ko'ina. Ana tsayar da kuɗin mota a ƙasa don kada jama'a su yi ƙorafi, alhali taya da birki da giya daga waje ake sayo su. Mota ɗaya ta tsaya, sai a kwance kayanta a gyara wata. Bayan 'yan shekaru garejin ya zama maƙabarta.

Gibin da aka bari 'yan kasuwa suka cike. Aka yi zamanin bolekaja, babbar mota mai akwakun katako, wadda sunanta a Yarbanci ke nufin "sauko mu yi faɗa". Molue ta biyo baya, jikin bas a kan ƙashin Marsandi 911, sai danfo, ƙaramar Volkswagen ruwan ɗorawa mai baƙin layi. Ana yawan zagin direban danfo, amma a duba lissafinsa. Kullum akwai balas ɗin mai mota, ga mai, ga kuɗin 'yan kamasho a kowace tasha, ga na kan hanya. Abin da ya yi saura shi ne nasa da na kwandasta. Wanda aka ɗora wa wannan dole ya jira lodi ya cika, ya tsaya tsakiyar titi don fasinja ɗaya, ya yi gudun rige-rige. Tsarin biyan ne ke tuƙa motar.

Gwamna Lateef Jakande ya aza harsashin jirgin cikin gari a 1983, gwamnatin soja ta soke aikin a 1985. Sai a watan Satumba na 2023 jirgin Blue Line ya fara ɗaukar mutane daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13 kacal, tasha biyar. Shekara arba'in ke nan tsakanin harsashi da fasinjan farko.

Abin da ya fi dacewa da aljihun jihohinmu shi ne BRT, wato tsarin bas mai bin layinta ita kaɗai a kan titi, wanda hukumar sufurin Legas, LAMATA, ta buɗe a watan Maris na 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22. Sirrinsa shi ne layin da aka keɓe da kankare, wanda wata mota ba ta shiga. Ga lissafin. Idan zuwa da dawowa na cin awa biyu, kuma ana so bas ta riƙa tashi duk minti biyar, bas 24 ake bukata. Idan cunkoso ya mai da tafiyar awa huɗu, sai an nemi 48, da ninkin direbobi da ƙarin gas, kuma fasinjan bai ƙaru ba. Shi ya sa duk inda kankaren ya karye, ko aka bar masu jiniya da 'yan talla suka shiga layin, kuɗin aikin ke hawa nan take.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ake rainawa. A sayi tikiti kafin a shiga, domin neman canji a bakin ƙofa na cin mintuna a kowace tasha. Legas yanzu katin Cowry take amfani da shi. Motocin su zama ƙira ɗaya, don kayan gyara su shiga kowacce. A ware wasu a gareji kullum saboda juyen mai da duba birki. Direba kuma ya ci albashi, a raba shi da balas. An kuma yi dabara a 2008 da aka sa ƙungiyar direbobi ta NURTW cikin harkar, maimakon a bar ta waje tana jifa.

Hana wata mota ba tare da tanadin madadinta ba kuwa, mun ga ƙarshensa a gida. Da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, A Daidaita Sahu ce ta mamaye gari, da balas ɗinta da tsayuwarta a ko'ina. Titin Zariya da Titin Katsina na cikin Kano suna da faɗin da za a yanki layi ɗaya a keɓe, kuma a can ya kamata a fara ƙirga fasinja safe da yamma kafin a sa hannu kan sayen ko bas ɗaya.

Naku,
Mai karatu daga Agege, Legas