Akwatin ƙasusuwan Yakubu: kotu ba ta ce na gaske ba ne

Zuwa ga Edita,

Ina gaisuwa tare da fatan alheri. A shirinku na tarihi an taɓo akwatin ƙasusuwan da ake dangantawa da Yakubu ɗan'uwan Yesu, aka kuma nuna kamar kotu ta riga ta tabbatar da shi. Ni Kirista ne, kuma Allah ya sani zan yi murna in ya tabbata. Amma ba haka hukuncin ya ce ba.

Akwatin na farin dutse ne, irin wanda Yahudawan Urushalima ke tara ƙasusuwan mamaci a ciki bayan gawa ta ruɓe. An bayyana shi ga duniya a shekarar 2002, ɗauke da rubutun Aramaik mai cewa Yakubu ɗan Yusufu, ɗan'uwan Yesu. A 2003 hukumar kula da kayan tarihi ta Isra'ila ta ce akwatin tsoho ne amma rubutun jabu ne, a ƙarshen 2004 kuma aka gurfanar da mai shi, Oded Golan. Shari'a ta ja shekaru, masana suka yi ta musu kan ɓawon da tsufa ke bari a jikin dutse: shin ya shiga cikin haruffan tun asali, ko shafa shi aka yi? A watan Maris na 2012 alƙali Aharon Farkash ya wanke Golan daga zargin ƙirƙira, domin masu ƙara sun kasa kawo gamsasshiyar hujja. Alƙalin da kansa ya ja kunne cewa wannan ba ya nufin rubutun na gaske ne.

Abin da ya fi damuna shi ne ba wanda ya ga inda aka haƙo akwatin. Golan ya ce a hannun dillalin kayan tarihi ya saya. Babu kabari, babu abin da aka tarar kusa da shi. Ko da rubutun ya inganta, sunayen Yakubu da Yusufu da Yesu sun yi yawa a wancan zamani, kamar Musa da Ibrahim a wurinmu yau.

Ku dubi dutsen Bilatus, mai ɗauke da sunan gwamnan Romawa da ya yi wa Yesu shari'a. Masana daga Italiya suka tono shi a Kaisariya a 1961, suna tsakiyar aiki, a wurin da kowa ya sani, shi ya sa ba a ja-in-ja a kansa. Shi kuwa guntun rubutun da Farfesa Karen King ta Jami'ar Harvard ta gabatar a 2012, wai yana ambaton matar Yesu, daga hannun wani da ya ɓoye sunansa ya fito. Da ɗan jarida ya bi diddigin mutumin a 2016, ita kanta ta yarda cewa alamu sun nuna jabu ne. Amma kafin nan labarin ya zaga duniya, ya tayar da hankalin masu bi da yawa, kuma har yau akwai masu kafa hujja da shi.

Edita, Musulmi da Kirista duk suna sauraronku, kuma abin da kuka faɗa da safe, da yamma ya zama abin gardama a majalisa. Roƙona shi ne ku gyara wannan magana a shiri na gaba, ku karanta wa jama'a abin da alƙalin ya faɗa. In kuma wani sabon abu ya ɓullo, ku fara da faɗa mana wa ya tono shi, a ina, kuma ta hannun wa ya biyo.

Naku mai sauraro,
daga Jos.