Kamfanonin fasaha: An ɗauke mu aiki, ina ƙarin girma?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan batun damawa da kowa a kamfanonin fasaha, a matsayina na macen da ke cin abinci da rubuta manhaja.

A shekarar 2014 Google ya fara bayyana alƙaluman ma'aikatansa, aka ga mata kashi 17 cikin ɗari ne kacal a ɓangaren fasaha, baƙaƙen fata kuwa kashi 2 ne na ma'aikatansa a Amurka. Daga nan kamfanoni suka shiga rige-rigen ƙirga waɗanda suka ɗauka aiki. Ni dai wannan ƙirgen bai cika burge ni ba, domin sai bayan an shiga ake gane wane ne ɗan gida, wane ne ɗan rakiya. Wa ake damƙa wa aikin da manya za su gani? Wace ce kullum ake ɗora wa rubuta bayanan taro da horar da sababbin ma'aikata, ranar ƙarin girma kuma a ce ba ta taka rawar gani ba? A wani wurin da na yi aiki, abokiyar aikina ta kawo shawara aka share ta, can wani ya maimaita aka yi ta yaba masa. Shi ya zama shugaban sashe, ita ta ajiye aikin.

Asarar ba ta tsaya kan ma'aikaciya ba. A 2018 wasu masu bincike, Joy Buolamwini da Timnit Gebru, suka gwada manhajojin da ke tantance jinsi daga hoton fuska, kuskurensu ya kai kashi 34.7 a kan mata masu duhun fata, alhali a kan maza masu hasken fata bai kai kashi 1 ba. Mata biyu baƙaƙe ne suka tono wannan. Gebru ɗin ma a Disambar 2020 ta rabu da Google bayan saɓani kan wata takardar bincike. Ita ta ce korar ta aka yi, kamfanin ya ce murabus ta yi.

A farkon 2025 Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya soke shirye-shiryensa na damawa da kowa, Google ma ya janye burin da ya ɗora wa kansa na ɗaukar ƙarin ma'aikata daga rukunonin da ba su da yawa a kamfanin. To, ƙannena masu shigowa, ranar ganawar neman aiki ku ma ku yi tambaya: mata nawa aka ƙara wa girma bara, nawa ne suka tafi, kuma me ya kore su?

Wassalam,
Wata mai rubuta manhaja