A riƙa gaya wa masu shan maganin damuwa abin da ke biyo bayan yanke shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi magana a kan wata wahala da masu shan maganin ciwon damuwa da na firgici suke sha a ɓoye, wadda ba kasafai ake gaya musu labarinta ba kafin ta same su. Mutum yana zaune sai ya ji wani abu ya fizge shi a cikin kai kamar ya taɓa tsirarar wayar lantarki, cikin ƙiftawa da bismillah ya wuce, an jima kuma ya dawo. Yakan zo da jiri, tashin zuciya, rashin barci da munanan mafarkai, kuma ya fi tasowa idan mutum ya juya idonsa gefe da sauri.

Galibi abin yana faruwa ne idan an daina shan maganin kwatsam, ko an tsallake shi, ko an rage shi da gaggawa, kuma alamun sukan fara cikin kwana 2 zuwa 4. Magungunan da suka fi yin suna wajen haka su ne paroxetine da venlafaxine, domin jiki yana saurin fitar da su, alhali fluoxetine yana daɗewa a cikin jini, shi ya sa nasa yakan zo da sauƙi. Shi ma tramadol, wanda ya addabi samarinmu, yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa irin waɗanda waɗannan magunguna suke taɓawa, kuma mai barinsa zai iya jin wannan fizgar. A 2019 hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin ba da magani, ta gyara ƙa'idojinta, ta amince cewa a wajen wasu mutane alamun suna tsananta har su kai watanni, ko da yake da yawa sukan rabu da su cikin 'yan makonni.

A nan Zamfara mutane ba don ganin dama suke yanke magani ba. Kuɗi kan ƙare kafin ranar komawa asibiti, kantin magani na unguwa ya ce babu, wanda kuma ake dubawa a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ta jihar Sakkwato sai ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya kama hanyar Talata Mafara a wannan hali na rashin tsaro. Wasu kuma da azumi ya kama sai su ajiye ƙwayar gaba ɗaya, alhali likita zai iya mayar musu da lokacin sha zuwa buɗa baki ko sahur.

Na ga wannan a kan matar ƙanena, wadda maganinta ya ƙare ta yi shiru saboda kunyar tambayar kuɗi. Tana tsakar gida tana tankaɗe, yaro ya kira ta, tana waiwayawa ta saki rariyar ta dafe kai da hannu biyu tana salati. Surukarta ta ce iska ce, maƙwabta suka ce farfaɗiya ce, aka yi ta hayaƙi da tofi, ita kuwa tsoronta shi ne hankalinta ne zai gushe. Da aka kai ta wajen likita, tambayarsa ta farko ita ce yaushe rabonta da magani. Ya mayar da ita kan adadin da take sha, fizgar ta lafa cikin kwana kaɗan, daga baya ya riƙa rage mata sannu a hankali. Ban raina addu'a ba, kuma ba za mu daina ta ba, amma fargabar da baiwar Allah nan ta sha jimla biyu daga bakin wanda ya miƙa mata maganin tun farko sun isa su kawar da ita.

Wanda ya sami kansa a wannan hali ya sani cewa ba a san fizgar tana lalata ƙwaƙwalwa ba. Kada ya ninka ƙwaya da kansa, kada kuma ya karɓi ta wani. Ya riƙe ranar da ya sha na ƙarshe ya gaya wa likita, ya samu barci isasshe, ya haƙura da tuƙin babur ko mota muddin jiri na ɗibarsa. Idan kuwa ya suma, ko jiki ya kama jijjiga, ko ɓarin jiki ya mutu, ko tunanin kashe kansa ya zo masa, wannan ba abin jira ba ne, a garzaya asibiti nan take.

Tun Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ina kira ga likitoci, ma'aikatan jinya da masu ba da magani su riƙa yin wannan bayani da Hausa tun ranar farko, a gaban wanda ya rako marar lafiya, gwamnatin jiha kuma ta wadata manyan asibitocin ƙananan hukumomi da waɗannan magunguna, domin mutumin Anka ko Ƙauran Namoda ya samu nasa kusa da gida.

Wassalam,
Mai karatunka daga Gusau, jihar Zamfara