Koken Mazauna Bakin Gota Kan Waif da Famfas da Ke Zuwa Teku

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Nima, Accra.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu ne 'ya'yanka mazauna bakin babbar kwatar nan da ake kira Gota, iyaye mata da samarin da ke fita yasar ta ranar Asabar. Mun kawo kuka ne a kan wani abu da ake rainawa: jiƙaƙƙen tishun goge jarirai, wanda mata ke kira waif, da abokin tafiyarsa famfas.

Ranka ya daɗe, duk wanda ya taɓa sa cebur a Gota ya san waif ba ya narkewa. A ido kamar takarda yake, amma akasarinsa da zaren roba ake yin sa. Tishun bayan gida yana shiga ruwa yake dagargajewa, shi kuwa wannan sai ya nannaɗe kamar igiya, ya kama maiƙo da leda da gashi, ya zama dunƙulen da sai ƙarti biyu sun taru kafin su ciro shi. Masu kula da bayan gidan haya sun gaji da kiran mai gyaran famfo. Ko Landan mai injuna, a 2017 sai da aka yi makonni ana fasa irin wannan dunƙule a ƙarƙashin unguwar Whitechapel, mai nauyin tan 130.

Wanda bai toshe a nan ba, ruwa yana jan sa zuwa kogin Odaw, daga Odaw zuwa tafkin Korle, daga can ya faɗa teku kusa da Jamestown. Masunta na jawo shi a cikin koma, kuma kifin wannan ruwa ne matanmu ke sayowa su soya mana. Ba mu manta daren 3 ga Yuni, 2015 ba, lokacin da ambaliya da gobara suka haɗu a shataletalen Kwame Nkrumah da ake kira Circle, mutum sama da 150 suka rasu, Allah ya jiƙan su. Toshewar magudanan ruwa na cikin abin da ya jawo wannan dare, kuma ruwan unguwarmu can yake bi.

Ba mu zo don tozarta iyaye mata ba, da yawa daga cikin masu sa hannu a nan masu goyo ne. Mace tana ɗaki ɗaya da 'ya'ya, mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku da ke kwashe shara, ba ya ɗaukar bola sai an biya shi, ga warin famfas ba ya kwana. Wasu kuma sun taso da jin cewa idan aka ƙona kashin jariri ƙuraje za su feso masa, don haka gara ruwa ya tafi da shi. Sai a jira hadari ya haɗo, a ƙulle a leda, a wurga Gota. Samarinmu sun bi gida gida suna roƙo, amma amsar da suke samu ita ce, "Kai wane ne?" Sarki kuwa ba a yi masa wannan tambaya.

Don haka muke roƙon Sarki ya tara limamai, a yi huɗubar Juma'a ɗaya a duk masallatan Nima kan wannan magana, a kuma sa magajiyoyi su kai ta wurin suna da biki, inda mata suke. A tuna wa jama'a cewa buta da ruwa da sabulu ne suka raine mu, kuma har gobe sun fi tsarkakewa. Wadda ta yi amfani da waif ta sa shi a bola, kada ya shiga masai ko kwata.

Muna kuma roƙon Sarki ya shige mana gaba zuwa Majalisar Ayawaso ta Gabas, a ajiye mazubin shara mai murfi a ƙofar kowane bayan gidan haya da kan gadojin Gota, a riƙa kwashewa a kan kari. Aikin yasar Gota mun ɗauka, za mu ci gaba da yi. Abin da ke karya mana gwiwa shi ne tarin da muka fitar ya kwana uku a bakin kwata, ruwan sama ya mayar da shi ciki. Mota ɗaya muke nema duk ranar aikin gayya, kuma a fara kafin ruwan watan Mayu.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.

'Ya'yanka,
Mazauna bakin Gota, Nima