Dalilin da ya sa ban goyi bayan dawowar soja ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in amsa wata magana da ke yawo a majalisun Kaduna, daga Kawo har Tudun Wada, wai gara soja ya dawo tunda farar hula sun gaza. Tsadar abinci da rashin tsaro sun isa su sa mutum ya faɗi haka, ni ma suna damuna ƙwarai. Duk da haka ban yarda ba.

Shugaba ɗan Adam ne, ajizi, yana kuskure. Don haka dole al'umma ta sami hanyar sauke shi ba tare da zubar da jini ba. A Janairun 1966 da bindiga aka kifar da gwamnati, a garin nan aka kashe Sardauna a gidansa, abin da ya biyo baya kuwa har da yaƙin basasa. A 2015 da ƙuri'a aka kayar da shugaba mai ci, Goodluck Jonathan, ya amince ya miƙa mulki.

Sannan ga mutunci. Wanda doka za ta hau kansa ya cancanci a ji ta bakinsa wajen yin ta. Ranar zaɓe, ƙuri'ar mai tura baro a Kasuwar Bacci daidai take da ta attajirin Unguwar Rimi. Wannan 'yancin talaka ne Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU suka yi wa gwagwarmaya tun 1950, shi ya sa sayar da ƙuri'a a kan taliya da sabulu yake ƙona mini rai.

Kada mu manta, a 1984, zamanin mulkin soja, an ɗaure 'yan jarida a ƙarƙashin Dokar Soja ta 4 saboda abin da suka rubuta.

Naka,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna