Tsohuwar da ke kuka a bidiyon nan, sunanta Annie Girardot

Malam Edita, assalamu alaikum.

Makon jiya jikata ta turo mini wani ɗan bidiyo a WhatsApp. Wata dattijuwa ce Bafaranshiya a kan dandamali, muryarta na rawa, hawaye shaɓe-shaɓe, jama'a kuma sun miƙe suna tafi. Ta rubuta a ƙasa: "Kaka, ke da kika iya Faransanci, me aka yi wa wannan baiwar Allah?" Na ga bidiyon yana yawo a Facebook ma, ana ta "Allah sarki", babu mai faɗin ko sunanta. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, tunda kuna da shafin fina-finai.

Annie Girardot ce, kuma bikin ba da kyautar César ne, babbar kyautar fina-finan Faransa, na 1996 a Paris, tana da shekara 64. An ba ta kyauta kan wata ƙaramar fitowa da ta yi a fim ɗin Les Misérables na Claude Lelouch. Abin da ta faɗa, gwargwadon fassarata: ba ta sani ba ko fim ɗin Faransa ya yi kewarta, amma ita ta yi kewarsa, kewa irin ta hauka, mai ciwo, kuma ƙaunar da aka nuna mata ta sa tana tunanin wataƙila, ta nanata wataƙila, ba ta gama mutuwa ba tukuna.

Abin da ke ci mini rai shi ne a ce kukan nan kawai za a sani game da ita.

An haife ta a Paris a 1931. Mahaifiyarta ungozoma ce, ita ma ta fara koyon aikin jinya a garin Caen kafin ta juya ga wasan kwaikwayo. Ta gama makarantar wasa ta ƙasa, a 1954 aka ɗauke ta a Comédie-Française, gidan wasan da ya fi kowane daɗewa da daraja a ƙasar, inda mutum kan shiga ya tsufa a ciki da albashinsa. Bayan shekara uku ta ajiye ta tafi fim. A 1960 Luchino Visconti na Italiya ya sa ta a fim ɗin Rocco da 'yan'uwansa, tare da Alain Delon, ta fito a karuwa mai suna Nadia. Renato Salvatori, wanda ya daɓa mata wuƙa a ƙarshen fim ɗin, shi ta aura a 1962. Ikon Allah ke nan.

Ni na fara ganinta ne ina budurwa, a cibiyar al'adun Faransa, lokacin ina koyon aikin malanta. Mun saba da taurarin Turawa masu gashi har baya da kwalliya kamar 'yar tsana. Sai ga wata da gajeren gashi kamar na yaro, murya a dishe saboda taba, tana tafiya da sauri kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Ba ta yi kama da tauraruwa ba. Da shugabar makarantarmu ta yi kama, da matar da ke yi mana allura. Irin matan da take fitowa a matsayinsu ke nan a shekarun 1970: malama, likita, 'yar sanda, direbar tasi, mata masu aiki da 'ya'ya da gajiya.

Fim ɗin da ya tayar da ƙura shi ne Mourir d'aimer na André Cayatte, 1971. An gina shi a kan labarin gaskiya na Gabrielle Russier, malama a Marseille da ta shiga soyayya da ɗalibinta ɗan shekara 16, aka kai ta kotu, ta kashe kanta a 1969. Kusan mutum miliyan shida suka kalla a Faransa. Ni malama ce, shekara talatin da alli a hannu, kuma har gobe ban yarda da abin da waccan malamar ta yi ba. Amanar yaro amana ce. Amma na fito daga kallon nan idona jajur, ina jin haushin kaina da na tausaya mata. Wannan aikin Girardot ne, ba na labarin ba.

A 1977 ta karɓi César na gwarzuwar shekara kan Docteur Françoise Gailland, likitar da ke kula da marasa lafiya, sai ta gano ita ma ciwon daji ya kama ta. A dandamali kuwa akwai Madame Marguerite, da ta fara a 1974: ita kaɗai a fage, malama mafaɗaciya, 'yan kallo su ne ɗaliban ajinta, tana zazzaga musu masifa. Duk wanda ya yi lakkwal a zamaninmu ya san irin wannan malamar. Ina fata dai ɗalibaina ba ni za su nuna ba.

To, me ya kawo kukan? A 1982 ta zuba dukiyarta a wani wasan kiɗa da waƙa a Casino de Paris, wasan ya faɗi warwas, ta shiga bashi. Ga shekaru sun haura hamsin. Masu shirya fim da a da ke layi a ƙofarta suka daina kira. Ba ta zauna ba: ta koma talabijin, kamar jerin Orages d'été na 1989, ta yi aiki a Italiya. Amma manyan fina-finai sun wuce ta sama da shekara goma. Wanda ke bin labarin dattawan 'yan wasanmu na Hausa, da ba a tunawa da su sai ranar neman kuɗin magani, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kuma ba ta gama ba ɗin, kamar yadda ta ce. A 2002 ta sake ɗaukar César kan La Pianiste na Michael Haneke, inda ta fito a uwa mai takura wa 'yarta, Isabelle Huppert. A shekarar dai ta karɓi kyautar Molière, ta wasan dandamali, da ta dawo da Madame Marguerite.

A 2006 aka sanar wa duniya tana fama da Alzheimer, ciwon mantuwa. Ta ci gaba da aiki na wani lokaci da ɗan abin saurare a kunne, wani na karanto mata maganarta jimla bayan jimla. Wannan na san shi a gida. Yayata, wadda ta yi mini rakiya kallon Mourir d'aimer, yanzu takan tambaye ni sunana sau uku kafin shayi ya huce, amma in na ja mata baitin farko na waƙar da muka haddace a aji huɗu, sai ta kai shi har ƙarshe ba tuntuɓe. Girardot ta rasu a Paris ranar 28 ga Fabrairu 2011, aka binne ta a maƙabartar Père Lachaise.

Roƙona, Malam Edita, in za ku sa hotonta, ku nemo na shekarun 1970, da gajeren gashin da rigar likita. Jikata na aika mata wannan ɗin tuni, ta ce wai da ni take kama.

Taku,
tsohuwar malamar Faransanci,
Damagaram.